Buhun Waken da Kawu Ya Zaɓa wa Inna

"Ɗauko roba, Luba, ɗauko roba!"

Goggo Tumba ke min ihu, ko jakata ban ajiye ba. Shigowata kenan daga tashar Jega, takalmi ɗaya a ƙafa, ɗaya na baro a bakin ƙofa. Inna na zaune a tabarma a tsakar gida, ta dafe ƙasa da hannu biyu, gumi ya jiƙa mata riga sharkaf, yawu na zuba daga bakinta ba ta iya tsayar da shi. Inna fa, matar da ko tari za ta yi sai ta juya baya ta rufe baki da gefen mayafi. Na miƙa robar, ta yi amai, ta ɗago ta dube ni.

"Wa yac ce ki baro sana'arki? 'Yar hajijiya ta."

"Hajijiyar mi?" in ji Goggo. "Tun hantsi take haka. Ke tashi ki nemo muna keke."

Ni kaɗai ce 'yar Inna mace. A Birnin Kebbi nake zaune, ina sayar da mayafai da turare ta waya, shi ya sa duk abin da ya taso ni ake kira, wai ni shagona a aljihu yake. Yayana yana aiki can kudu, matarsa da yara ne ke gidan tare da Inna. Goggo Tumba kuwa ƙanwar marigayi babanmu ce, a Kuberi take aure wajen Maiyama. Ganin gida ta zo ta tarar da wannan.

Wata huɗu kafin ranar an gano Inna na da suga, ga kuma hawan jini. Likita ya ce ta rage tuwo da shinkafa da fura, ta riƙe ganye da wake. Ta yi mita har ta gaji, ta ce wanda ya raba mutum da hura ya raba shi da duniya, amma ta bi. Da labari ya kai wa Kawu Arzika, yayanta uwa ɗaya uba ɗaya, manomin albasa a Kashin Zama wajen Aliero, sai ya ɗaura buhun wake a bayan mashin ya kawo da kansa. Ina gida ranar. Wake fari tas, manya-manya, ka cusa hannu har gwiwar hannu ba za ka ciro ƙwaya ɗaya mai huda ba. Kawu ya daki buhun ya ce, "Wanga na Kulu na ita ɗai. Kowa yat taɓa shi ban yahe ba." Kulu sunan Inna ne, shi kaɗai ya rage mai kiran ta haka. Muka yi dariya, amma maganar ta zauna. Ya zama waken Inna. Kowa na cin tuwonsa, ita ana ɗora mata ƙaramar tukunyarta daban. Wata maƙwabciya kuma ta ce amfanin wake ga mai suga a ɓawonsa yake, kada a surfe. Sai aka daina surfewa, ɗauraya ɗaya a zuba a tukunya.

Ba a buɗe buhun nan take ba, sai da aka cinye ragowar na kasuwa, kusan sati uku. Shi ya sa da ciwo ya zo ba wanda ya tuna da shi.

Satin farko a wani ƙaramin asibiti muka yi shi. Layin kati kaɗai ya cinye mana azahar. Inna na kwance a benci, kanta a cinyar Goggo, ni ina tsaye bayan wani mutum da ya riƙe wa mutum uku layi. Da aka zo kanmu aka ɗebi jini, aka ce taifot ne da maleriya. Taifot ɗin nan da ban taɓa ganin an gwada mutum an ce ba shi da shi ba. Likitan ya ƙara da cewa gumi da rawar jikin ƙila suga ne ya faɗi, ya rage mata maganinta. Ban ga laifinsa sosai ba, mutum arba'in ne a bakin ƙofarsa, kuma abin da muka faɗa masa shi ya ji. Aka sa mata ƙarin ruwa. Kwana biyu tana gado, ba ta iya cin komai sai kunu tsararo da shayi ba suga. A na uku ta tashi zaune tana yi wa nas faɗa kan yadda ta ɗaura ɗankwali. Muka ce alhamdulillahi, taifot ya tafi.

Da muka koma gida na ce wa matar yayana ta huta, ni zan riƙa yi wa Inna girki. Faten wake da alayyafo. Wake da zogale da ɗan manja. Na jera a faranti mai kyau, na ɗauki hoto na ɗora a waya, na rubuta "abincin Innata". Ƙawaye suka yi ta turo addu'a, Allah ya ba ki masu yi miki. Na ji daɗi ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Kwana uku, Inna ta ce kanta na sarawa. Na huɗu ta buɗe Alƙur'aninta bayan asuba ta ce rubutun ya haɗe, ta kasa karatu. Na ga fatar idonta na rawa, naman ƙaurinta ma yana motsi shi kaɗai kamar wani abu na tafiya a ciki. Na biyar amai ya dawo, da gudawa, da yawun nan. Muka koma asibiti, aka canza maganin taifot zuwa mai ƙarfi, aka ƙara ruwa, ta sake farfaɗowa.

A nan ne shawarwari suka fara zuwa. Mai cewa olsa ce, mai cewa ciwon shawara ne ya ɓoye, wai shawarar ba ta fito a ido ba. Wani ɗan'uwa da rabonmu da shi tun rasuwar Baba ya turo min saƙon murya na minti tara kan ganyen gwanda. Wata ta ce a daina maganin suga gaba ɗaya, shi ne ke cin ta. Kowa da kyakkyawar niyya, kuma kowa in ka ƙi tasa sai ya ji haushi. Ni kuma ribar da na tara ta watanni ta narke tsakanin kati, gwaji da kemis, odar mutane na jira, wasu har sun fara turo min "ko dai kin daina sana'ar ne?"

Sati na uku Goggo ta zaunar da ni a bakin murhu.

"Ke ba ki lura ba? In tana asibiti lahiya lau, in ta dawo gidanga ta hwaɗi. Ba ciwon likita na ba. An yi mata binnen asiri cikin gidanga."

"Goggo, wa zai yi wa Inna binne? Me ta tare wa wa?"

"Ke dai 'yar boko ta. Ba ni ita in tahi da ita Kuberi, ki ga ikon Allah."

Ban yarda da binne ba. Amma abin da ta lura da shi gaskiya ne, kuma ni na gaji, na ce ko ba komai ta sha iskar ƙauye. Na haɗa mata kaya. Maganinta, na'urar gwada suga, carbi, zannuwa. Abin da na fara sakawa a bayan mota kuwa, don kada a manta, tiya biyu ne na wakenta a leda.

Kwana huɗun farko a Kuberi ba mu ma kwance ledar ba. Gidan Goggo baƙo ba ya rasa kwano. Wannan ta aiko da kwaɗon rama, waccan da tuwon dawa miyar kuka, Fulanin da ke bayan gari suka kawo kindirmo a ƙwarya don sun ji an kawo marar lafiya. Inna ta ci, ta yi barci, har ta fita bakin rijiya tana hira. Goggo ta jiƙa mata wasu sassaƙe tana ba ta safe da yamma, tana wuce ni tana taɓe baki.

"Ina likitocinku? Ƙaƙa kinka gani?"

Ni kuma da na gwada suga na ga ya hau. Na tashi da masifa, na ce tuwo da nono za su kashe min uwa, daga yau a koma kan abin da likita ya ce. Na kwance ledar da hannuna. Na dafa da rana, na dafa da yamma, washegari na ƙara.

Rana ta biyu da la'asar Inna ta tashi za ta yi alwala, ƙafafunta suka ƙi. Wannan karon har numfashinta ya canza, ƙirjinta na ƙara kamar ana hura ruwa da tsinke. Goggo ta ɗora hannu a ka.

"Ya biyo ta. La'ilaha illallahu, ya biyo ta har nan."

Ya biyo ta kam. A bayan mota ya zo, ni na ɗauko shi.

Da ƙyar muka samu mota zuwa Maiyama, daga can wani mai ɗaukar buhunan gero ya tausaya ya sauke wasu kayansa ya kawo mu Jega. Ko sunansa ban tambaya ba. Allah ya saka masa. Wannan karon wani asibitin muka nufa daban, don kawai ya fi kusa da inda aka sauke mu.

Likitar da muka tarar mace ce, gajeruwa, da silifas a ƙafarta. Na miƙa mata tarin takardun gwajin da muka yi, ta ture su gefe. Ta kunna fitilar wayarta ta buɗe idon Inna, ta daɗe tana dubawa, ta saurari ƙirjinta, ta shafa gumin goshinta. Sai ta yafito ni.

"Zo ki gani."

Baƙin tsakiyar idon Inna ya tsuke, ya koma kamar tsinin allura. Ta kashe fitilar ta kunna, bai motsa ba.

"Kuna fesa fiya-fiya a ɗakinta saboda sauro?"

Na ce a'a, gidan sauro take shiga.

"Tana zuwa gona? An yi feshi kusa da ita?"

Na ce a'a.

Ta ce, "Wannan ba ciwo ba ne da ya taso daga cikinta. Wani abu ne ke shiga daga waje." Maganar nan har yau tana kaina yadda ta faɗe ta. Ta sa aka fara yi wa Inna wata allura, a yi a jira a duba, a ƙara, har sai da yawun ya tsaya, ƙarar ƙirjin ta lafa. Ɗayan maganin da ta rubuta babu shi a asibitin. Kemis biyar na zaga a kan kabu-kabu kafin na samu. Banɗakin wurin kuwa ba zan ma yi maganarsa ba. Amma a asibitin nan ne wata nas ta cire 'yar fankarta mai caji daga jaka ta ajiye a kan Inna, ita kuma ta yini tana yi wa kanta fifita da kwali.

Washegari da Inna ta dawo hayyacinta likitar ta jawo kujera ta zauna.

"Me take ci ko take sha wanda sauran mutanen gidan ba sa ci?"

Na lissafa magungunanta. Na ce sai kuma sassaƙen Goggo. Goggo ta miƙe tsaye.

"Sassaƙena? Ni ma na sha, ga ni tsaye! Kuma tun ba ta zo wurina ba take hwaɗuwa. In abin da take ci ita ɗai kuke bida, ai wakenta na."

Na ce, "Haba Goggo, wake kuma? Likita, wake ne mai kyau, ba na kasuwa ba ne, daga gonar kawuna yake. Ko ƙwaro ɗaya babu a ciki."

Likitar ta juyo wurina.

"Ko ɗaya?"

"Ko ɗaya."

"Wata nawa da girbi?"

Na lissafa mata, ya wuce lokacin da wake ke zama ƙwaro bai taɓa shi ba. Ta ce kada Inna ta ƙara cin ko ƙwaya, kada kowa ya ci, kuma in akwai inda zan kai a duba shi in kai.

Akwai ƙawata Shafa, tare muka yi sakandare. Tana karatun digiri na biyu a jami'ar Aliero, bincikenta a kan abincin da ake ajiyewa ne. Da can har tsokanarta nake, wai ta yi boko ta ƙare a yawon kasuwa tana sayen gyaɗa da busasshen kifi gwangwani-gwangwani tana rubuta musu lamba. Na kira ta, ta ce in zo da shi. Na ɗebo a buhun na shiga motar Aliero.

Ba ta ma kai shi ɗakin gwaji ba tukuna. Ta zuba a kwalba ta rufe, ta ajiye a rana muka zauna muna gaisawa. Can ta ɗauko ta buɗe nesa da fuskarta, ta ɗan kaɗo iskar da hannu zuwa wajena. Wari ya bugo ni, kamar an buɗe shagon masu maganin feshi.

"Ke duk girkin da kike ba ki ji wannan ba?"

"Na ji kaɗan-kaɗan. Na zaci haka wake yake wari."

Ba ta yi dariya ba. Ta ce ba ni kaɗai ba ce, da yawanmu da muka tashi muna sayen wake a kasuwa mun saba da warin har mun ɗauka nasa ne. Ta nuna min kwalabenta a jere. Wasu tana neman funfuna a ciki, irin wadda ke kama gyaɗa da masara in ba su bushe ba, wasu kuma ragowar maganin ƙwari. Ta ce wanki da dahuwa suna ragewa amma ba sa cirewa duka, musamman in an zuba mai yawa an rufe, ya shiga jikin ƙwayar. Ta ce na'urar da ke faɗin ainihin abin da ke ciki ba a wurinsu take ba, sai an aika, in yi haƙuri zai ɗau lokaci. Da zan tafi ta ce, "Luba, wake mai 'yar huda ki tsince ki dafa. Wanda ƙwaro ya ji tsoronsa, ke ma ki ji."

Sati na biyar aka sallami Inna. Ba wake, ba amai. Ranar da na faɗa mata abin da ake zato, ta ajiye carbinta, ta ce in rufo ƙofa.

"Kak ki hwaɗa ma Arzika."

"Inna, ai dole ya sani."

"Ba dole. Shi yar riƙe ni da ubanmu yam mutu. Albasar da yaf fara nomawa da ita yas sai min gado da kwanoni. In yaj ji shi yak kusa kashe ni, ba shi ƙara ɗaga kai shi dube ni. Na warke, shi ke nan. Ku zubar, ku yi shiru."

Na yi mata alkawari. Goggo ma aka sa ta rantse, wanda a wurinta ya fi azumi wuya. Dangi muka ce musu abinci ne ya ɓata mata ciki. Buhun na ɗaure bakinsa na kulle a ɗakin ajiya, makullin a jakata.

Sati biyu da wani abu Shafa ta kira. Ta ce an samu magani iri biyu a ciki, kuma ya wuce abin da ya kamata ya shiga cikin mutum nesa ba kusa ba. Ɗaya irin fiya-fiya ne. Ɗayan kuma ta ce na gona ne, na feshin ganye, ba a yi shi don a zuba a kan abin da za a ajiye a ci ba sam. Ta ce kada a ba dabbobi, kada a sayar, a haƙa rami mai zurfi nesa da rijiya a binne.

Ban kai ga binnewar ba, ranar Juma'a da hantsi muka ji tsayuwar mashin. Kawu Arzika ne, da wani buhun a baya. Ya sauke shi a tsakar gida yana haki, yana murmushi.

"Kulu, an ce min kin rame. Wancan ya ƙare ko? To ga wani, ya hi wancan. Sau biyu nis sa mai magani, ko shekara shika yi ƙwaro ba shi kusantar shi."

Inna ta ce, "Sannu Yaya, Allah shi bar zumunci." Ta juyo ta kafe ni da ido. Na san abin da idon ke cewa. Na kuma san cewa in na yi shiru, bayan wannan buhun akwai wani, kuma ba kullum nake gida ba, kuma ba Inna kaɗai Kawu ke ƙauna a duniya ba.

Na bari ya sha ruwa, ya fita zaure zai gyara igiyar mashin. Na bi shi, na durƙusa.

"Kawu, don Allah wane magani kake sa wa waken?"

Ya yi dariya. "Ɗiyar birni za ta koyi noma? Na kasuwa fiya-fiya muka ɗan yayyahwa mai, shi yi watanni a ɗaki har kuɗi su tashi. Amma na Kulu ba na yi mai haka. Akwai ragowar na heshin albasa, mai ƙarhin nan, mai tsada. Shi nig gama da fiya-fiya, nij juya shi da kyau, nis sa leda ciki nid ɗaure. Mu gida masu huda muka ci. Ita ko ba ta cin mai huda ina da rai."

Na ce, "Kawu, waken ne ya kwantar da Inna."

"Ke, tashi. Tun ba a haihe ki ba muke sa ma wake magani."

Na faɗa masa abin da likita ta gani a idonta, da abin da gwaji ya nuna. Yana girgiza kai, yana cewa taifot aka ce masa. Sai na ciro waya. Ranar da muka dawo daga Kuberi na ɗauki Inna a bidiyo don in tura wa yayana, ban taɓa sake buɗewa ba. Na miƙa masa. Ya riƙe wayar nesa da fuska yadda tsofaffi ke yi. Ƙarar ƙirjin Inna ta cika zauren. Ya kalla har ƙarshe. Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa.

"Ni na?"

"Ba kai ba ne, Kawu. Maganin ne."

"Magani ba shi da hannu, Luba."

Ya tashi ya shiga ciki. Bai hau tabarma ba, a ƙasa ya zauna bakin ƙofar ɗakinta. Inna ta gane nan take. Ta fara da ni, ta ce ba ni da amana, ta ce wayar nan tawa wata rana sai ta jefa ta rijiya. Sannan ta juya wurinsa.

"Tashi, Yaya. Tashi kak ka ba ni kunya gaban ɗiya."

Bai tashi ba. Can ya nemi makullin ɗakin ajiya. Shi ya ɗaura buhunan biyu a mashin, ya ƙi bari kowa ya kama masa. Daga baya matarsa ta faɗa mana a can ƙarshen gonarsa ta tudu ya haƙa rami, shi kaɗai, har rana ta faɗi.

Abin da Inna ta ji tsoro ya faru. Wata guda da rabi Kawu bai tako Jega ba. In ta kira sai ya ce yana gona, ya miƙa wa matarsa wayar. Ni ma Inna ta daina min hira, gaisuwa kawai. Jikinta na dawowa a hankali, ta koma karatunta na asuba, sai dai ƙafafun har yanzu in ta yi tafiya mai nisa suna mata nauyi, likita ta ce a ba su lokaci. Amma walwalar babu. Na koma Birnin Kebbi ina aika mayafai ina tambayar kaina ko na yi daidai.

Wata Asabar ta kira ni ta ce in zo in raka ta unguwa. Ba ta faɗi ina ba sai da muka shiga motar Aliero. Muka tarar da Kawu a gindin rumbunan albasarsa yana juya ta. Da ya gan mu ya rasa inda zai sa idonsa. Inna ko gaisuwar kirki ba ta tsaya yi ba, ta wuce cikin gida ta ce wa matarsa, "Ɗora min wake. Wanda kuka ci." Aka ɗebo, aka baza a faifai, ita da kanta ta zauna tana tsince masu hudar da suka yi yawa tana hure ƙwarin. Da ya dahu ta sa aka kira shi, ta ja kwanon tsakaninsu.

"Sa hannu."

"Kulu..."

"Sa hannu, Yaya, yunwa nika ji."

Ya sa. Suka fara ci. Can ya ce gishiri bai ji ba, ta ce ai mai suga da hawan jini aka dafa wa, in bai so ya tashi. Ya ce a gidansa za a kore shi? Daga nan na fita na bar su.

Bana Kawu ya sayi buhunan nan masu leda biyu a ciki da ke hana iska shiga, Shafa ce ta nuna masa yadda ake ɗaurewa. Yana ta mitar tsadarsu, yana cewa sai ya ga ƙarshen ajiya kafin ya yarda. Maƙwabtansa wasu sun saurare shi, wasu sun ce tsufa ne ya fara taɓa shi.

Na gode wa Allah, na gode wa likitar da ta duba ido kafin ta duba takarda, da Shafa, da Goggo wadda ta riga mu duka lura ko da ta ba abin wani suna. Abin da ya sa na zauna na danna wannan dogon rubutu a waya shi ne, sati biyar muna neman maƙiyi, har Kuberi muka gudu, alhali ba wanda ya taɓa abincin Inna sai masu son ta. Kawu ya zaɓa, matar yaya ta ɗora, ni na ɗauki hoto. Na kasuwa ma muna iya shinshinawa mu ce ba ma so. To ku, in wanda ya fi kowa ƙaunarku ya sauke muku buhu a tsakar gida yau, yana haki yana murmushi, za ku iya buɗe baki ku tambaye shi me ya zuba a ciki?